Kwazazzabon da MaTshezi Take Bi

Tun ina firamare nake ganin MaTshezi da jakar baƙi a ka. Doguwa ce, siririya, kullum fuskarta shafe da farar ƙasa saboda rana. Masu yawon ƙafa kan iso ƙauyenmu daga wajen Port St Johns su kwana, da safe ita da abokiyar aikinta Nokwakha su ɗauki kayansu zuwa ƙauye na gaba. A hau tudu, a gangara bakin teku inda shanu ke kwance a kan yashi, a tsallake rafi, a sake hawa. Da wannan wuyan nata ta ciyar da 'ya'yanta bayan ƙurar ramin zinariya ta cinye huhun mijinta.

Bana da na gama jami'a a Mthatha na dawo gida, ƙungiyar 'yan rakiya ta ɗauke ni in riƙa tafiya da baƙi saboda ina jin Turanci. Haka na koma bin bayanta.

Akwai wani siririn tudu inda hanya ta ratsa kufan gidan surukinta. Ta dama gangare ne miƙe har teku, ta hagu kwazazzabo. Ɗakunan sun daɗe da rushewa, sai da'irar duwatsun tsohon garken shanu, inda aka binne tsohon. Kowa ta nan yake wucewa, baƙi ma har tsayawa suke yi ɗaukar hoto. Ita kaɗai ce ba ta takawa. A wurinmu matar ɗa ba ta shiga garken uban mijinta sai mazan gidan sun yanka mata akuya sun buɗe mata, ita kuwa ba a taɓa yi mata ba. Surukin ya rasu ana shirin yi, mijin ya dawo da tarin da ya zama ajalinsa. Saboda haka da ta iso wurin sai ta karkata hagu, ta gangara kwazazzabon da kaya a ka, ta bi ta cikin duwatsu, ta hauro ta same mu a gaba tana haki.

Na taɓa ce mata, "Inna, ba kowa a nan fa, ciyawa ce kawai."

"Ke 'yar gari ce, Yolisa, ni aure ya kawo ni," ta ce. "Wuce abinki."

Namiji ɗaya ya rage a gidan, ƙanin mijinta Zwelinzima, wanda ke wuni a gindin shago da lofe a baki. Duk safiyar da muka wuce sai sun taɓa.

"Ragon maza, ina akuyata?"

"Ciki gare ta, matar Yaya. Bari ta haihu."

"Wadda ka fara nuna min ai jikarta ma ta tsufa."

"To ke ɗin yarinya ce?"

Ba mugun mutum ba ne. Jira yake dangi su taru a Disamba. Disamba ta zo a yi rasuwa, ko fari ya rame dabbobi, ko wani ya ƙi zuwa daga Durban. Ita kuma gwiwoyinta sun fara kumbura. Takan zauna a bakin rafi ta zuba musu ruwan sanyi, ta ce idan suka kai ta autanta ya gama makaranta ta yafe musu.

Watan jiya ne abin ya faru. An kwana ana ruwa, gari ya waye ƙasa duk santsi. Muna tare da wasu Jamusawa. MaTshezi ta karkata hagu kamar kullum, ni kuma ina nuna musu inda ake hango manyan kifaye a teku. Sai na ji ƙara kamar an karya busasshen icce. Ba ta yi ihu ba. Har yau idan wani ya karya makamashi kusa da ni sai in waiwaya da sauri.

Na same ta a ƙasa tsakanin duwatsu, jakar can gefe, ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe ƙasan gwiwa inda babu gaɓa. Abin da ta fara ce min shi ne in duba ko kayan mutane sun jiƙe.

Nokwakha ta ruga ƙauye ta dawo da maza da ƙyauren ɗaki. Har da Zwelinzima, yana tari, ba lofe. Aka yi waya, mai motar shago ya ce zai jira inda hanyar tsakuwa ta ƙare, can ƙetaren garken. Hanya mai sauƙi ita ce a mayar da ita sama ta inda ta sauko, a ratsa garken. Ɗayar ita ce tata ta kullum, cikin duwatsu masu santsi.

Da ta ga inda aka nufa da ita, sai ta riƙe reshen wata bishiya.

"Ku sauke ni."

"Matar Yaya, ni ne babba yanzu," in ji Zwelinzima. "Na buɗe miki. Mu wuce."

"Da baki? Kamar ƙofar shago?"

"A kan ƙyaure kike, ƙafarki ba za ta taɓa ƙasa ba."

"Tsohon ba wawa ba ne. Tun ina amarya nake kewaya shi, ba zan shigar masa a kwance ba."

Nokwakha ta ce, "Ke dai taurin kanki zai kashe mu duka."

"Ke ba ki ɗauki komai ba, yi min shiru."

Ta kwazazzabon muka bi. Ni aka ba ƙafar in riƙe. Duk zamewar da wani ya yi sai in ji ƙashin yana motsi a tafin hannuna. A tsakiyar hanya ta suma, wani saurayi ya ce yanzu ai sai a juya, ba za ta sani ba. Zwelinzima ya ce duk wanda ya juya shi da shi ne. Shi ya riƙe kusurwar ƙyauren ta gaba har mota, bai yarda an karɓe shi ba.

A asibiti suka sa mata ƙarfe. Likita ya ce tafiya za ta yi da sanda, amma ita da kaya da tudu sun rabu. Autan bai gama makaranta ba. Yanzu wata ce ke ɗaukar jaka tare da Nokwakha, ni kuma idan muka iso tudun nakan manta abin da nake faɗa wa baƙi, sai Nokwakha ta taɓa ni.

Satin da aka sallamo ta daga asibiti Zwelinzima ya yanka akuyar, bai jira Disamba ba. Aka kai MaTshezi a mota har ƙarshen tsakuwa, aka tallafe ta zuwa bakin garken. Ya kira sunayen magabatansa, ya gaya musu ga surukarsu. Ta dogara sanduna ta shiga, a hankali, ta ratsa ciyawar ta fita ta ɗaya gefen. Ta juyo ta daɗe tana kallon inda ta baro.

"Ashe nan da nan ne kawai," ta ce.

Aka kawo mata nama, ta ɗan gutsira ta miƙa min sauran.

"Yolisa, kira mai motar nan. Na gaji."