Kwalin Takalmin Baba

Babanmu shekara talatin ya yi yana buga wa shugabannin ƙaramar hukuma jawabi a tafireta. Da ya yi ritaya bai dawo gida da komai ba sai ciwon baya da wani kwalin takalmi cike da ƙananan katuna. A kowane kati akwai kwanan wata, da abin da mai jawabi ya kwatanta jama'a da shi, a ƙasa kuma abin da ya biyo baya.

Alkawarin ɗan siyasa ba ya gabansa. Rediyo a kunne, jan biro a hannu, kwatancen kawai yake jira.

"In ya ce mu 'ya'yansa ne, ƙuri'a yake so," in ji shi. "In ya ce jirgi ɗaya muke ciki, haraji zai ƙaru. Amma in ya fara magana irin ta likita, ku ɗaure kayanku."

Mu dai dariya muke masa. Maƙwabta har suna suka laƙa masa, Baba Kwatance.

Wata huɗu da suka wuce, sabon shugaba ya ce unguwarmu ta bayan kasuwa kurji ce a jikin gari. Baba ya ajiye cokali, ya jawo kwalin, ya zaro katuna uku: kurji, ƙari, ruɓaɓɓen haƙori. Unguwa uku ke nan da aka taɓa kira haka, duk katafila ta bi ta kansu kafin shekara ta zagayo.

Tun ranar bai sake zama ba. Gida-gida yake bi da kwalinsa a hammata, yana roƙon a sa hannu a takardar koke, a nemi lauya tun da sauran lokaci. Wani mai walda ya ce masa, "Baba, magana ce kawai, je ka huta." A cikin gida ɗari biyu, mutum shida suka sa hannu. Ni 'yar cikinsa ban sa ba, har cewa na yi yana kunyata mu a gari.

Jiya aka shafa jan fentin rusau a bangonmu, an ba mu mako biyu. Inna ba ta iya tafiya, ga kekunan ɗinkina uku da muke ci da su, kuma ba mu da inda za mu. Wallahi tsoro nake ji.

Na same shi a bakin ƙofa, kwalin a cinya. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini. Yaya aka yi ka sani?"

Ya miƙo mini katin farko, na kurji, duk ya koɗe.

"Shugaban wancan lokacin ya rasa me zai kira unguwar masu wanki. Ya leƙo ofishina ya ce, kai da ka iya magana, ba ni kalma. Ni na ce masa kurji."

Ya gyara tabarau, bai dube ni ba.

"Har lemo ya saya mini."