Tsiren Ranar Kasuwa

A lokacin ina zaune a garin Turawa, mijina ya rasu, ban san ko bihim ba, amma bakina kowa na shakkarsa a unguwa. Ɗana na fari yana sayar da gyaɗa a Karaye. Duk ranar kasuwa bayan La'asar sai ya biyo ta gidana a kan babur, ya ajiye mini tsire a takarda, mai ƙuli da albasa. Shekara da shekaru haka. Har ta kai da na jiyo ƙarar babur ɗinsa daga kwanar masallaci, yawuna ya tsinke, na jawo faranti.

Wata ranar kasuwa ya shigo da burodi a leda. Ko gaisuwarsa ban amsa ba. A gaban maƙwabciyata na tambaye shi ko mabaraciya ya mai da ni, na ce ai na san matarsa ce ta cinye rabona. Ya durƙusa yana cewa Inna in saurare shi, na wurga masa ledar. Ya ɗauka, ya kaɗe ƙasar, ya ajiye a bakin ƙofa ya fita. Sai washegari na ji cewa daga asibiti yake, matarsa ta yi ɓari, ya zo ne ya tafi da ni in zauna da ita.

Bayan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, wata rana malamarmu ta ba mu labarin masu binciken ƙwaƙwalwa. Ta ce suna ɗora wa mutum na'ura a ka, su zaburar da wani sashe, don su gane yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa alama, kamar wata ƙara, da takamaiman abin daɗin da ta saba samu. Ta ce in an kawo mata wani abu daban, sai ta ji kamar an cuce ta. Mata suka yi ta dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai, don na gane abin da nake jira duk shekarun nan: nama nake jira, ba ɗana ba. Ban ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi ba. Ita ta saba, ni na buɗe baki.

Na je har gidansu na ba su haƙuri, suka ce ba komai. Amma har yau a hannun maƙwabci yake aiko tsiren.

Iyaye mata, in ɗanku ya yi sallama, ku dubi fuskarsa kafin hannunsa. Ni yanzu duk ranar kasuwa ina ƙofar gida, tsire na hucewa a ɗaki, ina kasa kunne ko zan ji babur.