Kartar da na taka

Maigidana tela ne a kasuwar Bukuru, amma yaran unguwa da karta suka san shi. Ba caca ba, rufa ido. Zai ce ka zaɓi ɗaya ka mayar, ya cakuɗa, sai ta ɓace ko ya zaro ta daga bayan kunnenka. Ni ban yi makaranta ba, amma Allah ya ba ni ido. Tuntuni na gano shi: ƙaramin yatsansa yake saƙawa daidai inda ka mayar da kartar, ya zame ta cikin tafin hannu yana zuba maka surutu don ka dubi bakinsa. Na sha ce masa, "Malam, da furfurarka?"

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hannun dama ya daina riƙe ko almakashi. Ya bar shago, dariya ma ya bari.

Ran nan jikarmu ta zo hutu daga Daɗin Kowa, ta tono kartar a durowar keken ɗinki. Muna kan tabarma muna shan hantsi saboda sanyi.

Ta ce masa, "Tsoho, an ce a da ka iya. Ko duk cika baki ne?"

"Kawo nan, marar kunya."

Ta zaɓi jan bakwai ta mayar. Ya cakuɗa da ƙyar. Na ga yatsan ya shiga, na ga kartar ta zame cikin tafin, tafin kuwa ya kasa riƙewa. Ta sulale ta gefen gwiwarsa ta faɗo gabana. Yarinyar na kallon bakinsa. Kafin in yi tunani na ɗora ƙafa a kai, na ja zani.

Ya dube ni, ya ce mata, "Ta ɓace. Nemo."

Ta baje kartar duka, ta karkaɗe masa hannun riga, ta cire masa hula. Sannan ta juyo.

"Kaka, ke ba abin da ke wuce idonki. Ina ta shiga?"

Wannan yarinyar na taɓa zane ta a kan ƙaryar tsokar nama guda. A gidan nan idan na ce fari, ba mai sake dubawa.

Na ce, "Ban gani ba."

"Rantse."

"Ni za ki sa rantsuwa? Uwarki ma ba ta isa ba."

Ta yi tsalle tana ihu, Malam ya yi dariya har da tari. Da yamma na ji ta a ƙofar gida tana gaya wa ƙawayenta, "Wallahi gaskiya ne, ko Kaka ba ta gani ba." Ta rantse da Allah a kan maganata. Tuwo bai shiga cikina ba ranar.

Na yi istigfari, na ƙudurta ba zan ƙara ba. Washegari ta kawo ƙawayen su gani da idonsu. Malam ya sa hula mai kyau, ya ɗauki kartar, ya ce mini a hankali, "Hajiya, matso nan damana."

Na matsa.