Motar da Ta Kwana Ɗaya a Hannuna

Akwai wata safiyar Juma'a a zamana na Amurka da ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, ita kam ba za ta goge ba. Ita ce ranar da mu ƙarti huɗu muka tura matacciyar mota a kan titin Greensboro, muna neman abin da ko keke ba ya buƙata.

A tsakiyar shekarun dubu biyu ne. Ina haya a unguwar Glenwood cikin ɗaliban jami'a, ina aikin ɗaukar kwalaye a wani sito da ke Wendover. An dakatar da lasisina na tuƙi, domin an ba ni tikitin tara saboda gudun wuce kima na kuma kuskure ranar zuwa kotu. Da na ga motata tana zaune tana cin inshora a banza, sai na sayar da ita na koma shiga bas. Ana nan sai shugabanmu a wurin aiki ya kira ni ya ce direban motar kai kaya zai bar aiki, kuma ni yake so ya ba. Sharaɗi ɗaya ne: in zo da lasisi a hannu ranar Litinin, in ba haka ba ya ba wani. Wanda ya taɓa kwana yana ɗaga kwalaye ya san me ake nufi da aikin rana, a zaune, a bayan sitiyari.

Na riga na gama da kotu, don haka ranar Alhamis na tafi ofishin lasisi da ƙarfin gwiwa. Ma'aikacin ya ce sai na kawo shaidar inshora. Ya fara yi mini ƙarin bayani, ni kuwa na yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya gane, alhali hankalina ya riga ya tafi lissafi. Lissafin nawa kuwa tsaf yake, babu ɓaraka: inshora ta mota ce, ba ni da mota, saboda haka sai na samo mota kafin Litinin. Har yau ina mamakin yadda mutum zai jera hujjoji daidai, ya isa ga shirme daidai.

Da la'asar na nufi gidan Alhaji, wani dattijo mutumin Damagaram da duk wanda ya shiga matsala a cikinmu wurinsa yake zuwa. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ashe a kan permi, ɗan lasisin nan, ne kake wannan rama? Taso, ɗana." Ya ja ni bayan gida tare da wasu samari biyu 'yan ƙasarsa, ya yaye wani tamfol. Sai ga mota doguwa kamar kwalekwale, tayoyinta sun nutse a ciyawa. Ita ce motarsa ta farko a ƙasar nan, ya daɗe da daina hawanta amma ya ƙi rabuwa da ita.

"Na ba ka ita, halak malak," in ji shi. "Ku shaida. Je ka yi mata asirans." Haka yake kiran inshora da Faransancin ƙasarsu.

Kafin in gama godiya sai tagar kicin ta buɗe. Hajiya, matar Alhaji, wadda ta yi shekaru tana roƙon a kawar da motar don ta shuka yakuwa da kuɓewa a wurin, ta leƙo fuskarta kamar ranar salla. "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta ce. "Yau za ka ɗauke ta ko sai gobe?"

Na kira abokina makanike, mutumin Jos, wanda muke ce wa Fasto saboda yawan zuwansa coci. Ya buɗe gaban motar, kurege ya yi tsalle ya fita, ya bar mana tarin 'ya'yan itacen da ya ɓoye a kan inji. Fasto ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali. "Malam," ya ce, "wannan ba yau ta rasu ba. An yi sadakar arba'in tun tuni."

Alhaji bai ji daɗin maganar ba. Ya ce ba tashi ake so ta yi ba, gani kawai za a yi, domin a garinsu mai asirans sai ya ga mota da idonsa, ya zagaye ta, kafin ya rubuta komai. Ofishin inshora kuma ba nisa, 'yan layuka ne daga gidan. Babu wanda ya tambaya ko nan ma haka ake yi. Dattijo ya faɗa, ni kuma ga ni da sabuwar mota, wa zai tsaya bincike?

Da safe muka ba tayoyin iska da famfon keke. Na buɗe ƙofa zan shiga a matsayina na mai mota, Fasto ya riƙo rigata. "Ina za ka? Lasisinka a dakace yake. Ɗan sanda ya gan ka a bayan sitiyari, ko gawar mota ce, ka gama yawo." Haka aka yi Alhaji ya shiga cikin farar shaddarsa ta Juma'a ya kama sitiyari, mai mota kuma ya koma baya yana turi.

Da farko abin ya tafi da natsuwa. Abin da muka manta shi ne layin yana da gangara. Sai kawai na ji nauyin ya bar hannuna, motar ta yi gaba ta bar mu a tsaye da hannuwa a miƙe. Muka bi ta da gudu. Takalmina ɗaya ya fice, ɗaya daga cikin samarin yana ta salati, Fasto yana kiran sunan Yesu, Alhaji kuwa ya fito da hannu ta taga yana ba da alamar kwana cikin cikakkiyar ƙa'ida. Ɗalibai a barandar wani gida suka miƙe suna tafi. Da hanyar ta fara hawa, motar ta tsaya don kanta. Muka iso muna haki, dariya ta hana mu magana. Alhaji ya gyara hularsa ya ce, "Kun gani ko? Na ce muku da sauranta."

Mai ofishin inshorar wata baƙar fata ce mai matsakaicin shekaru, ta ga isowarmu tun daga taga. Na gyara murya na yi mata bayani da Turancina mafi tsabta, daga tikiti har zuwa kurege. Ta cire tabaranta ta dube ni.

"Wa ya ce maka sai kana da mota?"

Ta ce akwai inshorar da aka yi musamman don irina, direban da ba shi da mota. Mutum take bi, ba mota ba. Idan na ari motar wani na yi wa wani rauni ko na lalata masa dukiya, ita za ta biya shi, amma ba ta gyara motar da nake ciki. Ita ce kuma shaidar da ofishin lasisi ke nema, kuma a yau za ta iya ba ni. Na ji kamar in tashi sama. Sai ta ƙara da cewa sharaɗinta shi ne ba ni da mota, babu kuma wadda ke ajiye a gidana ina hawa. Ta nuna waje da biro. "Waccan ta wa ce?"

In a kan motar za a yi, sai an mayar da takardunta sunana, Alhaji kuma bai tuna inda ya ajiye su ba, Litinin za ta zo ta wuce. Matar ta ce ai da sauƙi, tunda a takarda tasa ce, ya mayar da abarsa gida. Na fassara wa Alhaji. Fuskarsa ta canja.

"Ba tawa ba ce. Na bayar a gaban shaidu. Ni ban taɓa karɓar kyautar da na yi ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Ni ma ina zan iya duban dattijo in ce ga kyautarka na dawo da ita? Ba kuma zan sa hannu cewa ba ni da mota alhali shaidu biyu suna tsaye a bayana ba. Jiya rashin mota ne ya hana ni lasisi, yau samunta ne. Fasto ya fita waje don kada dariyarsa ta zama rashin kunya.

Sai na ce, "Alhaji, tunda tawa ce, ina da ikon in ba wanda na so?"

"Ƙwarai kuwa."

Na buɗe wayata na kira Hajiya. Na ce mata ina da mota, na ba ta kyauta, halak malak, ga shaidu.

"Tawa? Sai yadda na ga dama da ita?" in ji ta.

"Sai yadda kika ga dama, Hajiya."

"Alhaji yana ji?"

"Yana ji."

"Na karɓa. A bar ta nan inda take, kada kowa ya sake tura ta."

Matar ba ta gama buga mini takarda ba sai ga motar masu sayen tsofaffin ƙarafa ta tsaya a ƙofa. Ashe lambarsu ta daɗe a manne jikin firjin Hajiya. Alhaji bai hana su ɗauka ba, domin dokar da ya kafa ita ce ta ɗaure shi. Ya sa hannu a inda suka nuna masa, ya shafa gaban motar, ya ciro tsohon carbin da ke rataye a madubi ya miƙo mini. "Wannan kam kada ka ba Hajiya," ya ce.

Bayan sallar Juma'a Fasto ya kai ni ofishin lasisi, na fito da shi a aljihu. Ranar Litinin na rataya carbin a madubin motar kai kaya. Da yakuwar Hajiya ta yi, kwanon farko ni aka aiko wa.

Tun daga ranar, duk ofishin da na shiga ba na gyaɗa kai sai na gane, in ban gane ba in ce a maimaita, komai tsawon layin da ke bayana. Abin da muka sani a gida gaskiya ne, amma a gida. Sai dai duk lokacin da na ce tambaya ɗaya da ta hutar da mu, Fasto yakan ce da na yi tambayar, da har yau ban san mutum nawa ne za su tura mini matacciyar mota ba. A nan kam ba na yi masa musu.