Kanwar Inna

Shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci ita ce shekarar da na ɗauko Inna daga Takanamat zuwa Tawa, saboda ƙafafunta sun kumbura. A gidan likita majo, mai duba marasa lafiya, ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya ce hawan jini ne. Da ya ji kullum sai ta jiƙa kanwa ta sha saboda ƙwannafi, ya ce ta bari, in ba haka ba zuciya za ta gaji. Ya ba ta wani farin magani mai kauri a kwalba.

Malamin ajinmu dattijo ne, ya koyar da kimiyya kafin ya yi ritaya. Wata rana bayan an tashi na tambaye shi me kanwa ke yi a cikin mutum. Washegari ya zo da jiƙaƙƙiyar tsamiya a kofi, ya barbaɗa garin kanwa. Ruwan ya taso da kumfa. Ya ce duk abu mai tsami yana ɗauke da wata ƙwaya da ido ba ya gani, sunanta proton, kuma kullum neman wanda zai miƙa wa yake. Kanwa karɓa take yi. In ta karɓa, tsamin ya mutu, iska ta fita, ita ce gyatsa. Amma gishirin da ke jikin kanwar ba ya bin gyatsa, jini yake shiga ya riƙe ruwa. Farin maganin da na kwatanta masa ma karɓa yake yi, in ji shi, sai dai shi ba ya kumfa.

Na ga in Inna ta gani da idonta za ta yarda. Matata ta jiƙa tsamiya, na raba kofi biyu a gaban tabarmarta. Na sa kanwa a na farko.

"Ka gani ko?" in ji Inna. "Ta kashe tsamin."

"Ɗanɗana abin da ya rage, Inna."

Ta tsoma yatsa ta lasa. "Gishiri-gishiri."

"To, shi ne ke taruwa a ƙafa."

"Kai da ka fara boko da furfura, yau kai ne lokotoro mai ba da magani?"

Matata ta juya baya tana dariya. Na zuba farin maganin a kofi na biyu, na motsa. Ruwan ya yi fari, ya tsaya shiru. Inna ta jira, ta leƙa, ta ture kofin.

"Wannan ko motsi bai yi ba. Mi za shi yi a cikina?"

Ta ci gaba da shan maganin, don ni nake ba ta a cokali. In ta haɗiye sai ta dafe ƙirji tana jiran gyatsa. Gyatsa ba ta zuwa. Ƙwannafin yakan kwanta, ita ma ta faɗa, amma a wurinta sauƙi ne kawai daga Allah. Kumburin ya ragu har takalmi ya shiga. Na san akwai ɗan ƙullin kanwa a haɓar zanenta. Ba a kwance wa uwa haɓar zane.

Da damina ta matso ta ce gida za ta. Na sa mata kwalba biyu a kaya. A tasha, kafin mota ta cika, ta aiki matata ta sayo mata kanwa, ta ce ta dabbobi ce. Akuya ɗaya gare ta. Na taya ta ɗaure ƙullin, na miƙa mata ta taga.