Hatsin Gidan Tururuwa

Shekarar da fara ta cinye gero tun yana ɗanye, watana bakwai da aure. Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, amma hannunsu ya riga ya iso Matameye. Dogaran sarki suka zo da soja biyu na kumandan, shugaban Nasara, suka buɗe rumbunanmu, suka ɗora abin da ya rage a kan raƙuma, aka ce na bariki ne. Mahaifina farke ne mai kai fatu Kano. Ya tafi kudu neman hatsi, rawaninsa kaɗai aka dawo mana da shi.

Gari ya watse, kasuwa ta daina ci. Gawa takan kwana biyu a bakin hanya babu mai ƙarfin binne ta. Na zaga da babbar rigar saƙin mahaifina gida gida, ba wanda ya ba ni ko tafin dusa a kanta. Ni kuwa ban taɓa riƙe fartanya ba, abin da na iya shi ne duba fata da lallashin mai saye.

Akwai wani bawan gidanmu, shi ke jeme mana fatu, ya girme ni sosai. Da aka ce Nasara sun hana bauta bai tafi ba, sai da yunwa ta zo. Na same shi a dajin hanyar Dungu tare da mahauta biyu da wata tsohuwar baiwa, suna tona gidajen tururuwa. Tururuwa takan tara ƙwayar ciyawa da tsabar gero a ƙarƙashin ƙasa, su kuwa sun san yadda ake bin layinta har rami.

Ya ce, "Ɗan maigida, me ya kawo ka?"

Na ce, "Matata ba ta iya tashi."

Ya dubi hannuwana, ya miƙo mini dagi. "Nan ba a roƙo, ba a kuma aiken kowa. Wanda ya tona shi ke ci."

Kafin azahar tafukana sun fashe. Tururuwa ta hau mini ƙafafu har cinya, mahautan suna mini dariya. Da la'asar tsohuwar ta sheƙe ƙasar, ta raba ƙwayar da ludayi ɗaya, nawa bai fi na kowa ba. Da kunun wannan ƙwaya matata ta tashi zaune.

A dajin nan mun zama wasu irin mutane. Wata rana wani baƙo, ƙashi da fata, ya fizge ƙwaryar tsohuwar ya ruga, yana cusa ƙwayar a baki har da ƙasa. Muka cim masa. Ni na danne masa ƙafafu, babban mahaucin ya karya masa hannu da ƙotar dagi. Na ji ƙarar ƙashin. Muka tsince abin da ya zube, muka bar shi nan yana kuka. Na ci rabona a ranar, kuma ya yi mini daɗi.

Bayan kamar wata guda labarinmu ya kai fada. Da hantsi dogarai biyu suka iso a kan dawakai ramammu, suka ce daji na sarki ne, abin da ke ƙarƙashinsa ma na sarki ne. Muna da taiki ɗaya, buhun fata cike da ƙwayar da muka kwana bakwai muna tarawa. Tsohuwar ta kwanta a kansa. Babban dogarin ya sauko ya dinga zabga mata bulala har zanenta ya jiƙe da jini, ba ta saki ba. Bawan namu ya yi kansa, ɗayan ya buge shi da gindin mashi a baki, haƙoransa biyu suka faɗi.

Sai babban ya gane ni. Ya ce, "Kai, ɗan attajiri, me kake yi cikin bayi? Matso gefe, za a ɗiba maka naka."

Na matsa, amma ta bayansa. Ya sunkuya zai ja taikin, na ɗaga dagi da hannu biyu na sauke masa a ƙeya. Ya kife a kan tsohuwar, ƙafarsa na shure-shure, sannan ya yi shiru. Ɗayan ya haye doki ya gudu.

Washegari aka kama mu duka. A fada dogarin da ya tsira ya nuna bawan ya ce shi ne. Ya ga wanda ya yi, da idonsa ya gani. Amma mahaifina ya sha kai wa fada kaya, kuma ba a saba ɗaure ɗan gida irin namu ba alhali ga bawa a tsaye. Wani dattijon fada ya raɗa mini, "Ka riƙe bakinka, kana da iyali."

Na riƙe.

Aka sake mu, aka ɗaure bawan a jikin tsamiyar kasuwa, aka yi masa bulala har bayansa ya zama ɗanyen nama. Bai ambaci sunana ba. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, leɓensa a kumbure, na sunkuyar da kai. Daga nan sojan kumandan suka sa masa igiya a wuya suka nufi Damagaram da shi, aikin dole. Wani mai jaki ya gaya mana daga baya cewa bai kai ba, a wajen Kance ya faɗi, suka kwance igiyarsu suka wuce.

Damina ta gaba ruwa ya sauka sosai. Na koma fataucin fatu, matata ta haifa mini ƴaƴa biyar. Mahautan suka koma rumfarsu, in na zo sayen nama sukan rusuna su gaishe ni, ba ma haɗa ido. Tsohuwar ta ƙara shekara uku a duniya. Duk kaka nakan aika mata da damin gero, duk kaka takan sa a mayar mini da shi ƙofar gida, igiyarsa ma ba a kwance ba.