Hoton Inna Turai Tana Shiƙa

Zulkifli mai gyaran injin ban-ruwa ne a Birnin Kudu, amma mutanen layinsu da hoto suka fi saninsa. Ba sana'a ya ɗauki abin ba, sha'awa ce ta kama shi tun da ya sayi waya mai kyamara mai kyau. Da rani, idan manoman fadama suka kawo injinansu, yakan gama gyara, ya goge hannu da tsumma, sannan ya ce wa mai injin, "Malam, ɗan juyo nan, hasken ya karɓe ka."

Yana da ƙa'idojinsa, kuma ba ya rowarsu ga duk wanda ya tambaya. A goge idon kyamara da gefen riga kafin komai. Kada a bar rana a bayan mutum, fuskarsa za ta fito baƙi ƙirin. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke cika kwarmin ido da inuwa. A tsuguna daidai tsayin wanda ake ɗauka, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a riƙe numfashi. Akwai kuma wadda ya fi ji da ita, wai hoton da ya fi rai shi ne wanda mai shi bai san an ɗauka ba.

Ya ɗauki duwatsun garin, ya ɗauki shanu a mashaya, ya ɗauki masu tumatir a kasuwa. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, mahaifiyarsa Inna Turai da ke Farin Dutse a ƙasar Gwaram. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, sai dai "wancan", kuma ba ta haɗa ido da shi. Da zarar ya ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska.

Wata rana da kaka ya tafi gida da hantsi. Yana fitowa daga zaure, bai kai ga yin sallama ba, sai ya hango ta a tsakar gida tana shiƙar dawa. Ɗaurin ƙirji ta yi da tsohon zane, kanta ba ɗankwali, furfura a waje, don ta san babu namiji a gidan. Rana ta bugo daga gefe, ƙaiƙayi yana tashi yana ƙyalli tsakanin ƙwarya da ƙwarya. Zulkifli ya haɗiye sallamarsa, ya tsuguna, ya riƙe numfashi, ya ɗauka. Sai da ya mayar da wayar aljihu sannan ya ce salamu alaikum.

Da ya koma Birnin Kudu ya sa hoton a zauren masu sha'awar hoto da yake ciki a waya. Aka yi ta yaba hasken, shi kuwa kansa ya yi girma. Bai san wanda ya fitar da hoton daga zauren ba. Ya dai gan shi yana yawo, wani ya rubuta a ƙasansa, "Dubi halin da iyayenmu ke ciki a karkara, Allah ya yaye mana talauci."

Ƙanwarsa Ummussalma, wadda ke aure a Zandam, ita ta kira shi.

"Yaya, me Inna ta yi maka?"

"Kamar yaya?"

"Surukata ce ta miƙo mini waya a gaban baƙi, wai wannan ba babarku ba ce? Wai ashe haka kuka bar ta, ko zanen kirki babu? Yaya, ban san inda zan sa kaina ba."

Zulkifli ya buɗe baki zai yi bayanin haske, sai ya ji maganar ba ta da ƙafa.

Washegari ya hau babur sai Farin Dutse. A ƙofar gida ya tarar da Baba Iliyasu, ƙanen mahaifinsa, yana tufka igiya.

"A'a, mai hoto! Ni ka zo ɗauka? Dakata in tuɓe riga tukuna, na ji haka ka fi so."

"Baba, kuskure ne."

"Kuskure? Matar nan tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa ganin kanta ba ɗankwali ba, ni da muke gida ɗaya. Yau a wayar mai shayi na gani. Shiga, tana ciki."

Da Inna ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Daga cikin ɗaki ta amsa gaisuwarsa, ta aiko masa da fura, ba ta fito ba. Da ya ba da haƙuri daga bakin ƙofa, sai ta ce wa Ummussalma, wadda ita ma ta zo, "Ki gaya wa wancan, in zai shigo ya riƙa barin abin nan nasa a zaure."

Ya goge hoton, ya bi abokansa yana roƙo su goge, amma abin da ya riga ya bazu ba ya tattaruwa. Ya ci gaba da zuwa gida, yana barin wayar a zaure. Duk da haka, idan Inna ta ji ƙarar babur ɗinsa sai ta bar abin da take yi ta shige ɗaki. A da yakan zauna a gefen tabarmarta tana tsinke zogale, tana yi wa bango magana shi yana amsawa. Wannan zaman ya rasa. Hoto ma ya fita ransa. Manoma suka riƙa tambaya, "Yau ba za a ɗauke mu ba?" sai ya ce waya ba caji.

Haka aka tafi har Babbar Salla. Ya zo gaisuwa, ya ajiye wayar a zaure, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Sai ga Inna ta fito cikin sabuwar atamfa, ɗankwali a ɗaure, mayafi a kafaɗa, hannu ya sha lalle. Ta zauna a kan kujerar tsakar gida, ta kira Ummussalma, wadda ita ma ta zo gaisuwar Salla.

"Tunda duniya ta gan ni ba sutura, gara ta gan ni da ita. Karɓo abin nan a wajen wancan. Ke za ki ɗauka, ki aika Zandam."

Zulkifli ya ɗauko wayar ya miƙa da hannu biyu. Nan take ya ga Inna ta ba wa rana baya, ga shi Ummussalma ta tsaya a tsaye ƙiƙam, ba ta goge idon kyamarar ba. Magana ta zo masa har leɓe, ya mayar da ita.

"Ce masa ya kau da kai," in ji Inna.

Ya juya ya fuskanci rumbu.

Hoton ya fito a karkace, fuskar da duhu-duhu, ga yatsan Ummussalma a gefe. Amma Inna tana kallon kyamarar kai tsaye, ba ta sunkuyar da kai ba. Zulkifli ya daɗe yana dubawa a zaure, domin bai taɓa ganin idanun mahaifiyarsa sun dube shi haka ba. Da ya koma ciki bai tarar ta shige ɗaki ba. Tana nan a kan tabarma, ta ɗan matsa gefe.

Ya wanke hoton, yana cikin akwatinsa, bai nuna wa 'yan zauren hoto ba. Ya koma ɗaukar manoma, sai dai yanzu yakan tambaya tukuna, ya jira mutum ya gyara hula. Idan ya je Farin Dutse kuwa, har yau a zaure yake barin wayar, ko da yake Inna ba ta sake cewa ya bari ba.